Kitso a Bakin Teku

"Ba da yawuna ba, Surayya. Ke ba yarinya ba ce, ba wanda zai yi miki dole. Ki auri wanda kika ga dama, amma ba da yawuna ba."

Da wannan maganar Umma ta ajiye waya jiya, ita ce kuma take ta dawo wa Surayya a kunne tun da motarsu ta bar unguwar Liwan a birnin Guangzhou. Ta jingina kanta da gilashi. Tutocin wasannin Olamfik sun yi jere a kan kowace gada suna kaɗawa, amma ba su take gani ba.

Ƙeyar Maidaji take gani.

Yana can gaba kusa da direba, inda tafinta yake zama. Tun da suka taso bai waiwayo ba. Ita ma ta san dalili. Yayanta Hadi na zaune a gefenta ya murtuke fuska, a bayansu kuma ga abokinsa Alhaji Sharfaddeen, wanda ƙamshin turarensa ya riga shi shiga motar.

Laoban Chan, wato maigida Chan da yaren China, shi ne ya shirya tafiyar. A shagonsa na kasuwar Shisanhang suke sarin dogayen riguna su aika wa Umma a Kantin Kwari. Bana kasuwa ta yi sanyi. Saboda wasannin da za a yi a Beijing an tsaurara biza, rabin mutanenmu sun tattara sun koma gida, kwantena kuma sai ta yi ta zama a tashar jiragen ruwa ta Nansha ba ta motsa ba. Sai Laoban ya ce tunda ba ciniki, bari ya kai manyan kwastomominsa su ga teku su sha iska.

Surayya ta ce ba za ta ba. Da ta ji Maidaji ne zai yi tafinta, sai ta jawo jakarta ta fara haɗa kaya.

Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a Guangzhou har harshen mutanen ya zauna a bakinsa. Ba mai kuɗi ba ne, amma ba wannan Umma ta ƙi ba. Ya taɓa auren wata 'yar China da ta musulunta ya sa mata suna Balkissa. Ta rasu ta bar masa 'ya mace a hannun kakarta a wani ƙauye. Tsohuwar ta kafe cewa yarinya ba za ta bar ƙasar ba, shi kuma ya ce ba inda zai je ya bar 'yarsa. Duk wadda ta aure shi, China ta aura ke nan.

Umma kuwa 'ya mace ɗaya Allah Ya ba ta, ga ciwon ƙafa ya fara zaunar da ita. Tun da auren Surayya na fari ya mutu take addu'ar na biyu ya zo a cikin Kano, inda za ta aika a kira mata ita ta zo. Sharfaddeen ya gama gininsa a Rijiyar Zaki, ya kuma kai gaisuwa gida tun kafin ya nemi jin ta bakin mai abin.

A Nansha suka fara tsayawa. Ba wajen tashar jiragen da suka saba ba, can gaba inda ruwan kogi ya haɗu da na teku ya yi wata makekiyar fadama. Suka hau gadar katako da aka shimfiɗa a kan ruwan. Balbelu sun rufe bishiyoyi fari fat kamar an yi shanya, ga wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya ko motsi ba ya yi.

Sharfaddeen ya ƙyalƙyale da dariya.

"Laoban, balbela ka kwaso mu mu gani? Wallahi a bayan gidan kakata a Wudil sun fi haka yawa."

Laoban bai ji abin da ya ce ba, amma ya taya shi dariya. Yaya Hadi ya matsa suna ɗaukar hoto.

A nan Surayya ta ji inuwar mutum a gefenta. Bai kalle ta ba, tsuntsayen yake kallo.

"Ina kwana, Surayya."

"Lafiya lau."

"Kin yi kuka."

"Iska ce."

"Bon," ya ce a hankali. "Iska ce."

Ta buɗe baki ke nan muryar Yaya Hadi ta katse ta.

"Ke Surayya, zo nan ki tsaya."

Ta tafi. Ba ta waiwaya ba, amma har ta kai wajen yayanta tana jin idon Maidaji a bayanta.

Da azahar suka isa Zhuhai. Bayan sun yi sallah, Laoban ya yi hayar ƙaramin jirgin ruwa, ya ce akwai wata dabbar teku da ba kowa ke dace da ganinta ba. Ba su yi nisa ba igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgin. Sharfaddeen, da ya shigo yana ba da labarin jiragen da ya hau a Dubai, ya yi tsit. Can sai ya dafe ciki. Yaya Hadi ya kama shi ya shiga da shi ciki.

Surayya ta tsaya a bakin ƙarfen jirgin, iska na wasa da mayafinta. Maidaji ya zo ya tsaya nesa kaɗan, inda duk wanda ya leƙo ba zai ce komai ba.

"Ta ce ba da yawunta ba," ta ce, ba tare da ta juyo ba.

"Na sani. Tun da na ga idonki na sani."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Mi zan ce, Surayya? In ce ki bijire ma wadda ta haihe ki? Ni da nike kwana ina roƙon Allah Shi sa tawa ɗiyar ta ji maganata in ta girma?"

"To ka roƙe ni mana. Ko sau ɗaya ka ce kada in tafi. Kullum sai ka ce in yi haƙuri, in bi Umma, in yi addu'a. Ni kaɗai nake wannan yaƙin?"

Muryarta ta karye. Ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

Ya gyara riƙon da ya yi wa ƙarfen jirgin.

"In na roƙe ki, kin san za ki zamna," ya ce. "Shi ya sa ba ni roƙo. In kika zamna, wata rana waya za ta zo daga Kano, a ce Hajiya ba lahiya. Ki nemi jirgi ki rasa. Ranar nan za ki dube ni, ni kuma ba ni da idon da zan dube ki."

"Kai ka san abin da zan ji a raina, ko ni?"

"Na san abin da na ji. Uwata ta rasu ina Shisanhang ina cinikin wanduna. Sai da aka yi sadakar bakwai na ji."

Hawayen da take dannewa suka zubo.

"Allah Ya ji ƙanta," ta ce.

"Amin. Kuma ga wata. Bizata ta kusa ƙarewa. Na je, sun ce meyo, wato babu, sai bayan wasanni. Ko in hita in jira a waje, ko in ɓuya cikin ɗaki kamar yadda wasu ke yi. Wannan shi ne mijin da kike so ki ɓata da Hajiya a kansa. Mutumin da ba ya iya tahiya, ba ya iya zama."

"Shi ne," ta ce. "Shi nake so. Laifi ne?"

Ya runtse ido kamar wanda aka watsa wa ruwan zafi.

"Kullum 'yarka, 'yarka," ta ci gaba. "Saboda ita ba za ka bi ni Kano ba, na yarda. Amma ko sau ɗaya ba ka kai ni na gan ta ba. Hotonta tana jaririya kawai na sani. Me kake ɓoye min, Maidaji?"

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai abin da sai an shirya ma ido kahin ya gani."

Kafin ta tambaye shi abin da yake nufi, matuƙin jirgin ya ƙwala ihu yana nuna ruwa.

Wani abu ya ɓullo kusa da jirgin, dogo sumul, launinsa fari mai ratsin ja kamar cikin gwaba. Ya yi baka a iska, ya fesar da numfashi, ya nutse. Surayya ta yi salati. Can ya sake tasowa, wannan karon da wani ƙarami manne a gefensa, baƙi wuluk.

"Dolfin ke nan," Maidaji ya ce. "Ba kihi ba ne, shayarwa take. Ɗan baƙi ake haihuwarsa, sai yana girma yake haske."

Suka tsaya suna kallo. Duk inda uwar ta juya, ɗan na jikinta.

"Uwa fara, ɗiya baƙa," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Da ta juyo ta kalle shi, ya riga ya kau da fuska.

Washegari suka kama hanyar yamma, teku na hannun hagu, wani lokaci ya ɓace a bayan duwatsu, wani lokaci ya dawo shuɗi har ƙarshen gani. Gonakin laici sun yi ja a gefen titi. Mata sun kasa shi a kwanduna, 'ya'yan itace masu jan ɓawo, cikinsu fari mai zaƙi. Laoban ya saya ya cika musu cinya.

Sharfaddeen ya warware, har ya fi jiya fara'a. Yana ɓare laici yana miƙo wa Surayya ta saman kujera.

"Na ƙoshi, Yaya Sharfaddeen."

"Har yanzu Yaya?" ya ce da murmushi. "Ba komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ba ta gane inda maganar ta dosa ba sai da suka wuce wata gada. Ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar Laoban, ya ce da Turanci, "Wurin nan da muka yi magana fa?"

"No problem!" in ji Laoban. Ya yi wa direba magana, mota ta saki babban titi ta gangara wata siririyar hanya.

A karo na farko tun da suka baro Guangzhou, Maidaji ya waiwayo. Ba Surayya ya kalla ba, Sharfaddeen ya kalla. Fuskarsa ta yi fari kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya yi wa Laoban magana da sauri da yarensu, Laoban ya daki kafaɗarsa yana dariya.

Surayya ta gyara zama tana leƙen hanyar.

A ƙofar wani tsohon gida mai rufin tayil motar ta tsaya. Tun daga waje wani wari mai zaƙi-zaƙi da tsami ya tare su. Da suka shiga tsakar gidan, sai ga manyan randuna jere a jikin bango, kowace an ɗaure bakinta da jan ƙyalle.

"Giyar laici," Laoban ya ce da guntun Turancinsa, yana alfahari. "Duk yankin nan babu kamar ta Popo, tsohuwar gidan nan. Na san ku ba kwa sha. Ku shayi, mu giya."

Yaya Hadi ya ja da baya yana "A'uzubillahi."

Wata gajeriyar tsohuwa ta fito tana goge hannu a zani. Ta gaisa da Laoban, ta ga Maidaji a bayansu sai ta tsaya turus. Ya rusuna ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta nuna musu teburi a ƙarƙashin bishiya.

Aka zuba musu shayi. Tsohuwar ta buɗe randa ta ɗebo da ludayin gora ta zuba wa Laoban da direba. Direba ya shinshina kawai ya ajiye saboda tuƙi. Laoban ya ɗaga ɗan kofin a rana yana kallon launinsa, ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido. Ya ce wannan ta bana ce, a kawo wadda ta daɗe a randa. Popo ta juya ta ƙwala kira cikin gida.

Wata yarinya ta fito riƙe da faranti da hannu biyu, ƙananan kofuna na rawa a kai. Ba za ta wuce shekara biyar ba. Tana tafiya a hankali, harshenta a waje don kada ta zubar.

Wankan tarwaɗa ce, idanunta sirara irin na mutanen ƙasar. Gashinta kuwa namu ne. Ya cukurkuɗe ya dunƙule, an bi shi da almakashi an yanke wani wajen an bar wani.

Ta ɗago kai. Farantin ya suɓuce, kofuna suka tarwatse.

"Baba!"

Ta ruga ta faɗa jikin Maidaji. Ya durƙusa ya rungume ta, ya ɓoye fuskarsa a wuyanta.

Kowa ya zuba musu ido.

"Ikon Allah," Sharfaddeen ya ce, yana kurɓar shayinsa. "Hadi, gani ya kori ji. 'Yar musulmi ce ke rabon giya. A nan ake so a kawo Surayya ta riƙa zuwa gaida surukai. A gida da sunansa muke kiransa, gidan burkutu."

Yaya Hadi ya miƙe. Jijiyar kansa ta tashi.

"Maidaji. Ka san nan za a kawo mu?"

"Ban sani ba sai da mota ta juya."

"Amma ka san inda ka ajiye 'yarka."

"Na sani."

"Kuma ka iya zuwa ɗakina ka zauna a kan dardumata ka ce kana son ƙanwata, ba ka faɗa min ba?"

Maidaji ya miƙe, yarinyar na saɓe a kafaɗarsa.

"Kunya ta hana ni, Malam Hadi. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan. Amma tunda ka gani, ka ji sauran. Balkissa ita kaɗai tsohuwar nan ta haihwa. Na aure ta, ta bar addinin gidansu ta bi nawa, ta mutu a hannuna. Na tahi da ɗiyata Rahila birni. Tsohuwar nan ta biyo ni, ta kwanta a ƙohwar ɗakina, ba ci ba sha. Ta ce na ɗauke guda, in na ɗauke ta biyu in haɗa da gawarta. Takardun yarinya kuma suna hannunta. Mi zan yi? Na roƙe ta abu biyu, kada alade ya shiga bakin ɗiyata, kada giya ta shiga. Ka shiga madahwa ka gani, tukunyar Rahila daban take. Sana'ar nan kuwa ita ta gada, da ita take ci."

"Wannan duk labari ne," in ji Sharfaddeen.

Surayya ta juyo ta dube shi. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Yaya Sharfaddeen, kai ka ce a biyo ta nan?"

"Don ki ga gaskiya da idonki. Laoban ya san matar Maidaji, a shagonsa ta yi aiki. Tambaya ɗaya na yi."

"Na gani," ta ce. "Na gode."

Ta ratsa ta gabansa ta isa wajen Maidaji. Shi ba ta kalle shi ba. Ta miƙa wa yarinyar hannu.

Rahila ta ƙura mata ido. Ta kalli fuskarta, ta kalli hannun, ta kalli nata hannun. Da alama ban da ubanta ba ta taɓa ganin mai irin fatarta ba. A hankali ta zame ta sauko.

"Surayya!" Yaya Hadi ya daka tsawa. "Mota za mu shiga."

"Ka yi min haƙuri, Yaya. Ba zan iya barin kan nan haka ba."

Ta bayan gidan akwai 'yar hanya da ta gangara bakin teku. Rairayi ne fari mai laushi, babu kowa sai kwale-kwalen masunta da aka kife, da ƙananan ƙaguwa da ke gudu a karkace suna shigewa rami. Surayya ta zauna a inuwar wani kwale-kwale, ta zaunar da yarinyar a tsakanin ƙafafunta. Ta buɗe jaka ta ciro mataji da ɗan kwalin man kaɗanya da ba ta rabuwa da shi.

Rahila na ganin mataji ta ƙwalla ƙara ta dafe kanta da hannu biyu.

"A'a, yi shiru, 'yar albarka. Ba irin wancan ba ne. Yi shiru."

Yarinyar ba ta jin Hausa, amma ta ji muryar. Surayya ta ajiye matajin. Ta jiƙa gashin da ruwan gorarta, ta murza man a tafin hannu, ta fara warware dunƙulen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga baki zuwa tushe. Kukan ya koma shessheƙa. Shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Can sai ta ji ɗan bayan ya saki, ya jingina da ƙirjinta.

Surayya ta dakata, yatsunta a cikin gashin.

Shekarun da ta yi a gidan mijinta na fari, kullum da irin wannan zaman take mafarki. Har ribbon ta taɓa saya ta ɓoye a ƙasan akwati. Da aka gaji da jiran haihuwa, sai aka miƙo mata takardarta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Maidaji, cewa in ta ga mace na yi wa 'yarta kitso a ƙofar gida, sauya hanya take yi.

Hawaye ya ɗiga a kan gashin. Ta sa yatsa ta shafe shi tare da man.

Ta laluba jaka ba kibiyar tsaga. Tana ɗago kai sai ta ga tsohuwar tsaye a kanta, ba ta san lokacin da ta zo ba. Surayya ta kwatanta mata da hannu. Popo ta duba, ta zare tsinken cin abinci da ta soke gashinta da shi, ta goge a rigarta ta miƙo.

Da shi Surayya ta tsaga. Gashin bai kai na shuku ba saboda yankan almakashi, sai ta yi mata ƙananan kalaba. Tsohuwar ta tsuguna a gefe, idonta na bin yatsun kamar mai son haddacewa. Rana ta karkata. Igiyar ruwa na zuwa tana komawa. Rahila ta yi barci ta farka, ta ɗaga hannu ta shafa kanta, ta sake shafawa.

Surayya ta ciro madubin hodarta ta riƙe mata.

Yarinyar ta daɗe tana kallon kanta. Sai ta washe baki, ga giɓi a gaba. Ta faɗi wata kalma, ta sake faɗa.

Popo ta fashe da kuka.

Mazan sun gangaro sun tsaya daga nesa, Yaya Hadi da Laoban da Maidaji. Sharfaddeen ne kawai babu. Tsohuwar ta yafito su. Ta kama hannun Surayya ta riƙe gam, ta fara magana tana kuka, doguwar magana.

Surayya ta kalli Maidaji don ya fassara. Ya buɗe baki, ya kasa. Ya juya musu baya, kafaɗunsa na girgiza.

Laoban ne ya gyara murya ya ɗauka, yana haɗa Turancinsa da hannu.

"Ta ce yarinya ta ce, kyau. Ta ce tunda uwarta ta mutu ba ta taɓa kallon madubi ta yi dariya ba. Yaran ƙauye suna tsokanarta saboda gashi. Popo ta gwada tajewa, yarinya ta yi ta ihu, sai ta yanke. Duk ranar da ta yanke, ita ma ba ta cin abinci."

Tsohuwar ta ci gaba. Laoban ya saurara, ya zaro ido, ya sake tambayarta. Ta gyaɗa kai.

"Ta ce ba don mugunta ta hana shi ba. Namiji shi kaɗai, yana kasuwa tun safe, wa zai riƙe 'ya mace? Ta ce ita ta tsufa, ta san ba za ta ga girman yarinyar ba. Ta ce in wannan matar ce za ta zama uwa, za ta ba da takardu. Su tafi da ita ƙasarku. Abu ɗaya take roƙo. In laici ya nuna, a riƙa kawo mata ita ta gani."

Surayya ta ƙara rungume yarinyar. Ta ɗago ido ta kalli yayanta.

Yaya Hadi ya matso kusa. Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. Kallonsa na kan yarinyar, wadda ta riƙe madubi da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta damƙe gefen mayafin Surayya.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, fuskarsa ta sauya.

"Umma ce," ya ce. "Na ga Sharfaddeen yana waya a mota. Ya riga mu."

Wayar ta ci gaba da ruri. Ya miƙo wa Surayya.

"Karɓi. Ni abin da na gani yau ya fi ƙarfin bakina."

Ta karɓa ta kara a kunne.

"Gidan giya, Surayya?" Muryar Umma ta fito da kuka a ciki. "Abin da zan ji ke nan da safiyar Allah? Na haife ki, na yi miki tarbiyya, ki rasa inda za ki kai kanki sai gidan da ake dafa giya? Me na yi miki?"

"Umma, ba ki yi min komai ba sai alheri."

"To ki shiga mota. Gobe Hadi ya nema miki jirgi."

"Zan shiga, Umma. Duk abin da kika ce zan yi. Amma don girman Allah, kafin nan ki saurari wani abu."

Ta sauke wayar ta kara a kunnen Rahila. Yarinyar ta zaro ido ta kalli ubanta. Maidaji ya durƙusa a gabanta, fuskarsa jiƙe, ya raɗa mata magana da yaren kakarta.

Rahila ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta ja numfashi.

"Assalamu alaikum," ta ce, da 'yar siririyar murya, harafin na karkacewa a bakinta.

Surayya ta matso da kunnenta. Shiru. Har ta zaci layin ya yanke.

"Wa alaikis salam," Umma ta amsa a hankali. Faɗan ya fita daga muryar. "Wace ce wannan? 'Yar wa ce?"

Surayya ta karɓi wayar. Ta kalli Maidaji, ta kalli tsohuwar da har yanzu ke riƙe da hannunta.

"Marainiya ce, Umma. Sunanta Rahila. Yanzu na gama yi mata kitso." Ta haɗiye kuka. "Tawa ce, in kin yarda."

Ba abin da take ji sai numfashin Umma daga Kano, da ƙarar teku a gabanta. Ta ji an ja hanci. Ta ji ƙarar carbi da aka ajiye a kan faranti.

"Ba ni Hadi," in ji Umma.

Yaya Hadi ya karɓa. Ya kalli Maidaji kallo mai tsawo, sannan ya juya ya bi bakin ruwa yana tafiya a hankali, waya a kunne, yana ta nisa har iska ta daina kawo musu muryarsa.

Rahila ta hau cinyar Surayya ta gyara zama, kamar wadda ta san jiran zai yi tsawo.